Takardar jikin firij da kullum take nuna 5

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin da ake ajiye alluran rigakafi a asibiti ya san takardar nan mai layi-layi da ake mannawa a ƙofar firij. Ƙa'idar aikin ita ce a duba ma'aunin zafi sau biyu a rana, da safe in an zo da kuma lokacin tashi, har ranakun hutu ba a ɗauke wa kowa ba, a rubuta abinda aka gani a sa hannu. To ni dai in na tarar da takardar nan tsaf-tsaf, yau digiri 5 da safe 5 da yamma, gobe 5, jibi 4, gata a koma 5, biro ɗaya rubutun hannu ɗaya wata guda cur babu ko gogewa, wallahi gabana faɗuwa yake yi. Firij ba ya haka. Ana buɗe shi ana rufewa, ana ɗauke wuta ana kawowa, ana zuba sabon kaya, sanyin asuba daban zafin tsakar rana daban, ta yaya za'a ce wata guda ma'aunin bai taɓa leƙa 8 ba bai taɓa sauka 2 ba? Sau da yawa irin wannan takardar sai an ji masu duba aiki na tafe ake zama a cike ta a zama ɗaya, kuma kowa a harkar ya san da haka, mai cikewa ya sani mai dubawa ya sani, sai a gaisa a rabu lafiya.

Ra'ayina shi ne mun zuba ƙarfinmu wajen sayen na'ura da buga takarda, mun bar ainihin inda igiyar take tsinkewa, wato ma'aikacin da ya ga lamba mara kyau da idonsa yake tsaye gaban firij yana lissafin me zai same shi in ya faɗa. Matuƙar faɗin gaskiya zai jawo masa takardar tuhuma, ko a ce za'a cire kuɗin kwalaben daga albashinsa, to 5 ɗin nan zamu ci gaba da gani, yara kuma su ci gaba da karɓar allurar da ƙarfinta ya riga ya tafi.

Bari in ɗan koma baya saboda waɗanda ba harkarsu ba ce. Yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin salshiyos, tun daga kamfanin da ya yi su, cikin jirgi, babban sito, mota, har ƙaramin asibitin da zasu ƙare a cinyar jariri. Ba kamar ƙwayar maganin ciwon kai ba ce da zaka jefa a aljihu, abinda ke cikin kwalbar yawanci ko dai ƙwayar cuta ce da aka raunana ko aka kashe, ko wani sashe na jikinta, kuma duk zafin da ya taɓa ta yana rage mata ƙarfi, ragin nan kuma taruwa yake yi. Awa uku a filin jirgi, awa biyar a mota, dare ɗaya babu wuta, duk a kan kwalba ɗaya suke haɗuwa, mayar da ita cikin sanyi baya dawo da abinda ya tafi. Maganin shan inna da ake ɗigawa a baki shi ya fi kowa rashin jure zafi, shi ya sa a manyan sito a firiza ake ajiye shi tsakanin digiri 15 zuwa 25 ƙasa da sifili. Na ƙyanda da na tarin fuka wato BCG da na shawara a gari suke zuwa, suna da ɗan juriya, amma da zarar an haɗa su da ruwansu agogo ya fara gudu, awa 6 ko ƙarshen zaman rigakafin, duk wanda ya riga zuwa, sai zubarwa. Na ƙyanda da BCG ma ko haske basa so, shi ya sa zaka ga kwalbarsu mai duhu ce.

Wannan ɓangaren na zafi kowa ya haddace shi. Kai ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san ba a barin allura a rana. Lokacin korona ma da aka ce allurar Pfizer sai wajen digiri 70 ƙasa da sifili, duniya gaba ɗaya ta koyi cewa rigakafi da sanyi suke tafiya, sai ya zauna a kan mutane cewa in dai sanyi ne to komai yawansa alheri ne. Nan aka gudu ba a tsira ba. Akwai alluran da daskarewa ce take kashe su, kuma su ne da yawa daga cikin waɗanda jarirai suka fi karɓa: Penta mai haɗe da mashaƙo da tarin shiƙa da tsinkau-tsinkau da ciwon hanta da Hib, wata ƙwayar cuta mai kawo sanƙarau da nimoniya, da ta ciwon hanta ita kaɗai da ake yi bayan haihuwa, da ta tsinkau-tsinkau da ake yi wa masu ciki, da ta nimoniya, da ta HPV mai kare mata daga sankarar bakin mahaifa. A cikinsu akwai wani gishirin alminiyam da ake sakawa don ya zaburar da garkuwar jiki, sinadarin rigakafin a jikinsa yake maƙale. In kwalbar ta daskare sai wannan haɗin ya wargaje ya dunƙule, kamar madarar da ta tsinke, narkewa ba ta gyara shi. Ta ciwon hanta a wajen rabin digiri ƙasa da sifili take daskarewa, rabin digiri fa. Kuma abin takaicin shi ne in ta narke ka ɗaga ta sama ka kalla, lafiya lau zaka ganta, takardar jikinta bata canza ba, ranar ƙarewar wa'adinta da saura, nas ta zuƙa ta yi wa yaro, ya yi kukansa uwa ta rarrashe shi a rubuta a kati an gama. Abinda ya samu shi ne kariya ragaggiya, wani lokacin ma har da kumburi ko ƙurji a wurin allurar.

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar ƙasashe matalauta ce kawai. A 2007 an buga wani nazari a mujallar Vaccine da ya tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban masu kuɗi da marasa shi, aka samu cewa tsakanin kashi 14 zuwa 35 cikin ɗari na firij ko na kayan da ke kan hanya sun gamu da sanyin daskarewa, a binciken da ya bi kaya tun daga farkon tafiya har ƙarshe kuwa, kashi 75 zuwa 100 ne suka gamu da shi a wani wuri. A Amurka ofishin babban sufeto na ma'aikatar lafiya ya fitar da rahoto a 2012 kan shirinsu na rigakafin yara kyauta, suka sa nasu ma'aunin a wurare 45 na mako biyu, kashi 76 cikin ɗari alluransu sun zauna a zafi ko sanyin da bai dace ba na aƙalla awa 5 in an tara, a wurare 13 ma an samu alluran da wa'adinsu ya ƙare a cakuɗe da masu kyau. Waɗannan fa ba ɗauke musu wuta ake yi kullum ba. Kenan ba wuta ce kaɗai ba, akwai hannun mutum a ciki.

Kuma hannun nan yawanci da kyakkyawar niyya yake ɓarnar, shi ya sa nake jin tausayin ma'aikata fiye da haushinsu. An ɗauke wuta, an dawo da ita, nas ta ga ma'auni ya hau 10, hankalinta ya tashi sai ta murɗa makunnin sanyi zuwa ƙarshe don ya yi saurin sauka, ta tashi aiki ta tafi gida, cikin dare firij ya yi ta aiki har ya wuce sifili, da safe an buɗe an rufe ya dawo 3, ta rubuta 3 da zuciya ɗaya. Ko kuma firij ɗin irin na gida ne, wanda dama ba don wannan aka ƙera shi ba, sanyinsa ba ɗaya ba ne a ko'ina, jikin bangon baya da ƙarƙashin gidan ƙanƙara suna daskarar da abu, ƙofa kuma ɗumi, ma'aunin yana rataye a tsakiya yana cewa 5 alhali kwalin da aka tura can ƙurya ya zama dutse. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta hana amfani da ƙaramin firij ɗin nan mai ƙofa ɗaya da gidan ƙanƙara a ciki kwata-kwata, ko na ɗan lokaci. Har firij na musamman mai bangon ƙanƙara da ake buɗewa ta sama, wanda wutar awa 8 cikin 24 take isarsa, yana da kwanduna da aka yi don kwalabe su nisanci ƙasa da bango, amma in kaya suka yi yawa abu na farko da ake yi shi ne a cire kwandunan don a samu wuri, a jera Penta a ƙasa inda ya fi ko'ina sanyi.

Sai kuma ranar fita, wadda ni a ganina nan ne aka fi yin kisan. Robobin ƙanƙara suna fitowa daga firiza da sanyin wajen digiri 20 ƙasa da sifili. Ƙa'ida ita ce a baza su a tebur a jira har su fara narkewa, sai ka girgiza ka ji ƙanƙarar tana motsi cikin ruwa sannan a jera a kula. Wannan jiran yakan ci lokaci, ga direba yana ta hon, ga mata sun taru a can suna jira tun safe, ga oga yana cewa an makara, wa zai tsaya? Sai a kwaso su da hayaƙinsu a zuba, a ɗora kwalabe a tsakiya a rufe. Kafin a isa an gama da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa ga alluran da basa son daskarewa robar ruwan sanyi ma ta wadatar a tafiye-tafiye da yawa, amma ka gwada ba ma'aikaci kula babu ƙanƙara ka ga kallon da zai maka, gani yake kana so ka ja masa.

Wani zai ce ai akwai alamar nan ta jikin kwalba. Eh akwai, VVM, ɗan murabba'i a cikin da'ira da yake ƙara duhu in zafi na taɓa kwalbar, an fara sa ta a maganin shan inna a 1996 kuma gaskiya tana cikin abubuwa mafi amfani da aka taɓa ƙirƙira a wannan fannin, don ko wanda bai iya karatu ba zai gane: in murabba'in ya fi da'irar haske a yi amfani, in launinsu ya zama ɗaya ko ya fi ta duhu a ajiye gefe. Ta ceci miliyoyin kwalabe da da an zubar don zargi kawai. Amma zafi kaɗai take gani. Kwalba zata daskare sau uku ta narke sau uku murabba'in yana nan fari tas, har ma ya ƙara wa mai dubawa ƙarfin gwiwa. Abinda ke gano daskarewa shi ne gwajin girgizawa, kuma ba girgiza kwalba ɗaya a kalla ba ne kamar yadda wasu ke yi. Sai ka ɗauki wata kwalbar daga kamfani ɗaya rukuni ɗaya ka daskarar da ita da gangan, aƙalla awa 10 a firiza, ta narke, ka yi mata alama, sannan ka haɗa ta da wadda kake zargi a hannu ɗaya ka girgiza na daƙiƙa 10 zuwa 15, ka ajiye su gefe da gefe a wurin haske kana kallo. Wadda ta daskare gari-garinta saurin kwantawa yake yi ruwan ya washe. In wadda kake zargi ta kwanta da sauri irin na waccan ko fiye, ta tafi. Gwaji ne mai kyau, an tabbatar da ingancinsa, sai dai ku lura da abu biyu. Baya aiki a kan allurar shan inna da ake tsirawa a jiki wato IPV, don babu alminiyam a cikinta alhali ita ma daskarewa na lalata ta. Na biyu kuma wanda ya fi damuna, babu mai yin gwajin sai wanda ya riga ya yarda cewa wani abu ya faru, kuma ya yarda ya sadaukar da kwalba ɗaya da zai yi bayaninta a littafin sito. Kun ga mun dawo kan ma'aikaci da tsoronsa.

Ko da ma'aikacin mai gaskiya ne ɗari bisa ɗari, duba ma'auni sau biyu a rana kallo biyu ne kawai cikin awa 24, kuma duk biyun da rana, alhali daskarewa cikin dare ta fi faruwa lokacin da ƙofa take rufe gari ya yi sanyi babu kowa. Shi ya sa ake cewa kowane firij ya samu na'urar da ke naɗar zafi da sanyi da kanta ba dare ba rana. Irin su Fridge-tag suna riƙe bayanin kwana 30, su nuna mafi zafi da mafi sanyin kowace rana, kuma suna buga alama in an wuce digiri 8 na awa 10 a jere, ko an sauka ƙasa da rabin digiri ƙarƙashin sifili na minti 60. Ku dubi bambancin nan da kyau, zafi an ba shi awa 10, daskarewa awa 1 tak, wannan kaɗai ya isa ya nuna wanne masana suka fi tsoro. CDC ta ce na'urar ta riƙa naɗa aƙalla duk minti 30, kuma bakin ma'aunin ya kasance a nutse cikin wani ruwa ko yashi don ya auna irin abinda kwalba ke ji, ba iskar da ke canzawa duk buɗe ƙofa ba. Yanzu ma akwai masu tura saƙo ta waya kai tsaye.

Ina goyon bayan a sayi duk waɗannan, kar a fahimce ni baibai. Amma na'ura faɗa take yi kawai, ba ta da hannu. Na sha jin yadda alamar gargaɗi ke zama a fuskar na'ura kwana da kwanaki ana wuce ta, a takardar da ke manne a samanta kuma ana rubuta 5. Saƙon waya yana tafiya lambar wanda aka yi wa canjin wurin aiki tun bara. Wani wurin in ƙarar ta dame su sai a ciro na'urar a sa a aljihun tebur, ko a matsar da ita inda aka san lambar zata yi kyau. Batirin irin waɗannan na'urori a rufe yake, in ya ƙare sai dai sabuwa, kuma ba kasafai ake sa kuɗin sabuwar a kasafi ba tunda ta farko kyauta aka kawo. Duk wannan kitso da ƙwarƙwata ne, kuma dalilinsa ɗaya: a wurare da yawa buga ƙararrawa laifi ne, wanda firij ɗinsa bai taɓa ƙara ba shi ne gwani.

Ni da za'a tambaye ni sai in ce a juya ma'aunin gwanintar gaba ɗaya. Mai duba aiki in ya zo ya daina tambayar ko an cike takarda, ya ce a nuna masa sau nawa aka fita daga 2 zuwa 8 a watan nan, ƙarfe nawa aka gani, wa aka kira, me aka yi da kwalaben. Asibitin da ya kawo rahoton matsala uku da abinda ya yi a kan kowacce ya fi min wanda ya kawo sifili. Matakan ma ba masu wuya ba ne: kar a zubar, kar a yi amfani, a ware kwalaben a rubuta musu kada a taɓa, a bar su cikin sanyin da ya dace, a rubuta iya inda zafin ko sanyin ya kai da tsawon lokacin, a kira na sama ko kamfanin da ya yi su. Sau da yawa ma amsar da zata dawo ita ce ba komai ku ci gaba, don ba kowace fita daga layi ce ke lalata allura ba, da yawansu suna jure ɗan ɗumi na wasu awanni. Amma wannan hukuncin ba na nas ɗaya ba ne da ke tsaye ita kaɗai da ƙarfe bakwai na safe ga layin mata a waje.

Na san abinda shugabanni zasu ce, wai in aka cire hukunci sakaci zai yi yawa, kuma alluran nan ba arha ba ne, firij ɗaya cike da ta nimoniya da ta HPV dukiya ce. Ban ce kar a hukunta kowa ba. Wanda ya cire fulogin firij ya sa cajin waya ya manta, aka yi masa magana ya sake, wannan daban. Wanda ya ƙirƙiri lamba ya rubuta, shi ma ya kamata ya amsa tambaya, har ma fiye. Abinda nake cewa shi ne a yanzu hukuncin yana sauka ne a kan wanda ya faɗa, mai ɓoyewa kuwa ba a taɓa kama shi tunda kwalba bata magana. Ka tara mutum goma masu hankali ka sa su cikin wannan tsarin, tara zasu koyi yin shiru cikin shekara ɗaya, na goman kuma a ce masa mai neman fitina. Kuma asarar kwalaben da ake gudu ai ta riga ta faru tun daren da suka daskare, ɓoyewar bata dawo da kuɗin ba, ta dai mayar da asarar daga littafin sito zuwa jikin yara.

Maganar kuɗi da wuta gaskiya ce ita ma, ban raina ta ba. An samu ci gaba sosai, firij mai aiki da hasken rana kai tsaye wanda baya buƙatar batir, yana tara sanyinsa a ƙanƙara ko ruwa ya kwana da shi, Gavi, ƙungiyar da ke tallafa wa rigakafi a duniya, da UNICEF sun kai dubbai irinsa ƙasashe da dama. Sai dai kawo firij biki ne da hoto, gyaransa kuwa babu mai ɗaukar hoto. Ƙura ta rufe faifan sola, robar ƙofa ta saki, ƙanƙara ta yi kauri a bango, mai gyara ɗaya ga asibitoci barkatai kuma babu man zuwa. Sannan tambaya mai sauƙi da wurare da yawa basu da amsarta a rubuce: in firij ya mutu da tsakar dare, ina za'a kai kayan, wa ke da makulli, wa ke da mota, akwai robobin ruwa a shirye? Wannan takarda ɗaya ce tak a manna a bango da lambobin waya masu aiki, ba ta buƙatar tallafin kowa.

Akwai kuma abinda ake cusa wa firij ɗin da ba nasa ba. Ruwan sha da abincin ma'aikata su ne aka fi magana, don suna sa a yi ta buɗe ƙofa. Amma wanda ya fi haɗari wasu magunguna ne. A lardin Idlib na Siriya a watan Satumba 2014 yara 15 suka mutu bayan allurar ƙyanda, da aka bincika sai aka gano an haɗa garin allurar ne da atrakuriyam, maganin da ke saki tsokar jiki lokacin tiyata, wanda aka ajiye a firij ɗaya da ruwan haɗin. A Samowa, wata ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, a watan Yuli 2018 jarirai biyu suka rasu ta irin wannan hanyar, an haɗa musu allurar ƙyanda da maganin sakin tsoka da wa'adinsa ma ya ƙare. An ɗaure ma'aikatan jinya biyu, an dakatar da allurar na watanni, iyaye suka tsorata suka janye, a ƙarshen 2019 ƙyanda ta shigo ta kashe mutum 83 yawancinsu ƙananan yara, a ƙasar da mutanenta kusan dubu 200 ne kawai. A Sudan ta Kudu kuma a 2017 yara 15 suka mutu a yankin Kapoeta, allurar ƙyanda ta kwana huɗu babu sanyi kuma sirinji ɗaya aka yi ta haɗawa da shi.

Waɗannan an ji su ne saboda an mutu nan take. Allurar da ta daskare ba ta yin labari. Yaron yana cikin lissafin waɗanda aka yi wa, alƙaluma sun yi kyau, an tura rahoto sama an tafa, sai bayan shekara biyu ko uku cuta ta ɓulla a ga har da masu cikakken kati a kwance. A lokacin babu mai tuna wani dare da aka murɗa makunni. Abinda uwa zata ce shi ne na kai shi duk allurar kuma ga shi, maƙwabciyarta ta ji, mai yaɗa jita-jita ya samu abin faɗa kyauta, kuma me zaka ce mata? Ita dai ta yi nata.

Shi ya sa nake ganin iyaye ma suna da haƙƙin tambaya, ba da faɗa ba. Ka ce a nuna maka alamar jikin kwalba, ka kalli ranar ƙarewar wa'adi, ka lura ko daga kula aka ciro ta ko tana zaune a tebur tun safe, ko kuma tana kwance kai tsaye a kan ƙanƙara. Ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba, wasu ma daɗi suke ji an san wahalar da suke sha. Akwai fatan cewa wata rana za'a rage dogaro da sanyin, allurar sanƙarau ta MenAfriVac an amince tun 2012 ta yi kwana 4 a zafin da bai wuce digiri 40 ba lokacin gangami, an fara gwada hakan a Benin ya yi kyau, amma alluran da suka samu irin wannan izinin 'yan kaɗan ne, sauran duk suna nan a 2 zuwa 8.

Inda aka fi jin nauyi shi ne in an gano bayan an riga an yi wa yara. Sai an kira iyaye an ce musu ku dawo, waccan da aka yi ƙila bata kama ba. Babu shugaban asibitin da ke son wannan kiran, akwai kunya akwai tsoron 'yan jarida akwai kuɗin sabuwar allura, kuma za'a ce ai zai sa mutane su ƙara gudun rigakafi. Ni ina ganin mutane sun fi yafe wa wanda ya kira su da kansa a kan wanda suka gano daga baya ya sani ya yi gum. Ya kamata tun kafin abin ya faru a rubuta wa ke yanke hukuncin kiran, wa ke biyan kuɗin, da me za'a faɗa wa iyaye, kar a bar shi ga ƙarfin halin mutum ɗaya. Kuma kiran ma baya yiwuwa sai in ana rubuta lambar rukunin kwalba da ranar allura a gaban sunan kowane yaro a rajista, layin da aka fi tsallakewa in aiki ya yi yawa. In babu shi, ko ka tabbatar kwali kaza ya daskare ranar kaza, baka san cinyar wa ya shiga ba, sai dai ka kira kowa ko ka ƙyale kowa.